Kasko Marar Garwashi

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙonsa ya tsare hannuna daga ƙari, don ragi kam tsufa ya riga ya yi mini shi. Ku ƴaƴana, Hadiza da Lawali da Sani, kun ce in rubuta rayuwata. Na rubuta muku ƙauyenmu Garagumsa da gonar gyaɗar mahaifina, na rubuta yadda aka cire ni daga lakwal, wato makarantar boko, ina aji biyar saboda a gidanmu damina ta fi mushe, malamin lakwal, ƙarfin murya. Yanzu na iso shekarar da Innarku Falmata ta tafi Yamai. Na san abin da ku mazan kuke faɗa in kun haɗu ba na wurin. Kuna cewa yayarku Hadiza ce ta zo ta ɗauke Inna da ƙarfi ta kai ta inda ta rasu cikin baƙi. Kuna kuma cewa abin da na ƙera mata saura kaɗan ya ƙone gida da mutanen ciki. Duka biyun suna bukatar gyara. Ku gyara zama, wanda bai gama lakwal ba zai ba da darasi.

Bokona duka bai cika tafin hannu ba. Sauran a garaji na samo shi, bakin tasha nan Damagaram, wurin wani patoro, wato maigidan aiki, ɗan Dahome mai gyaran kuran, lantarki ke nan, na motoci, mutumin da ya yi imani cewa dukan ƙeya yana buɗe ƙwaƙwalwa. Layi biyu ya zana mini da gawayi a bango, kuma da layin nan biyu na ci abinci, na yi aure, na tura ku lakwal ɗin da ni ban gama ba. Na farko, U daidai yake da R sau I. Na biyu, P daidai yake da U sau I. Kada haruffan su tsorata ku, ni ma Faransancina bai wuce su da nisa ba. U shi ne ƙarfin turi, da bolt ake auna shi. Batirin mota yana da sha biyu, bangon gida yana da ɗari biyu da ashirin. I shi ne yawan kuran da ke wucewa cikin waya, ana ƙirga shi da amper. R taurin kan waya ne, wato yadda take ƙin bai wa kuran hanya, ma'auninsa om. P kuwa shi ne abin da ya fito, haske ko zafi, shi ake kira wat. Ka raba turi da abin da ya wuce, ka sami taurin kan waya. Ka ninka turi da abin da ya wuce, ka sami zafi. In ka san biyu, sauran ba su da wurin ɓuya. Na taɓa yi wa Innarku wannan bayani muna sabon aure, don in burge ƴar Barebari da ta auri baƙauye. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa, sannan ta ɗaga kai.

"To, Mushe, auna mini naka taurin kan. Om nawa ne?"

Tun daga ranar na zama Mushe a bakinta. Dama ba ta kama sunana, sai ta sami wanda ya fi yi mata daɗi.

A shekarar da nake ba ku labari, gidanmu na unguwar Birni ya riga ya zama fanko. Hadiza tana aikin biro, wato ofis, a Yamai, Lawali yana jan kaminyo, babbar motar kaya, hanyar Agadas, Sani yana kasuwancinsa a Maraɗi. Saura ni da ita da akuya guda, kuma cikin mu ukun akuyar ce ta fi lafiya. Ciwon suga ya daɗe da Innarku, har ya cinye mata ji a ƙafa. Abin mamakin shi ne, daga ciki sanyi take ji kamar ta tsoma su a randa, amma daga waje ko allura ka soka ba ta sani ba. Da ɗari ya shigo sai ta koma ga abin da uwarta da kakarta suka yi. Bayan asuba ta zuba garwashi a kasko, ta zauna bakin ƙofar ɗaki kan kujerarta, ta kawo ƙafafu kusa, ta ɗauki hular da take ɗinki. Wata safiya na dawo daga masallaci na ji ƙauri a tsakar gida. Na ce a raina maƙwabta sun sami nama da sassafe ba su gayyace mu ba. Da na leƙa, gefen ƙafarta ne kwance kan bakin kasko, ita kuwa tana ta zura allura, tana ƙirga idon zare, ba ta san komai ba.

Lokotoron dispanser, likitan ƙaramin asibitinmu, ya wanke, ya ɗaure, sannan ya ja ni gefe ya ce in aka sake irin wannan, ƙafar za a iya rasawa gaba ɗaya. Kada wuta ta ƙara matsowa kusa da ita. Labari ya kai Yamai, Hadiza ta hau kar, motar fasinja, ta iso da ƙurar hanya a gira, ko ruwa ba ta sha ba ta durƙusa ta kwance ɗaurin ta duba.

"Inna, ki haɗa kayanki. Can akwai masu duba ki kullum."

Kun san Innarku ba ta kallon ƴar fari ta yi mata magana kai tsaye, balle ta kama sunanta. Sai ta juyo wurina.

"Mushe, gaya wa baƙuwarka ta Yamai a ɗakin nan aka wanke ni ranar aure. Ba na kwana a gidan suruki."

"Baba, gaya mata ƙafa ba ta san kunya ba."

"Gaya mata ƙafar tawa ce."

Na zauna tsakaninsu ina kai saƙo daga wannan tabarma zuwa waccan, alhali ko taku uku babu tsakani. Daga ƙarshe Hadiza ta kira ni zaure. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ina so ku sani idonta cike yake da ruwa.

"Baba, na bar ta a hannunka. Amma in na sake ganin ƙuna ko kamar ƙwayar gero, zan zo da mota, ba zan tambayi kowa ba."

Na ce na yarda. Abin da ke kan faifai ke nan, kuma ba na jin kunyar faɗa muku yanzu: ban san yadda ake zama a gidan nan ba tare da ita ba. In ƙafar ta sake ƙuna, ta tafi. In ba ta ƙuna ba, tana nan tana ce mini Mushe.

Na ɗauke kasko na ɓoye a bayan rumbu. Sai ta daina ɗinki. Ta naɗe ƙafafu da tsummoki har suka zama kamar ƙunshin goro, ta zauna tana kallon bango, in na yi magana ta amsa da hanci. Wata rana na same ta a madafa ta miƙa su wajen tokar murhu, tokar da ƙarƙashinta wuta ke kwance. Na janye ta, na fita zaure, na ɗauki gawayi, na koma ga layin patoro.

Tambayar farko, zafi nawa ƙafar tsohuwa take bukata? Wannan ba ya cikin darasin garaji. Na ɗauko ƙaramin ampul, wato ƙwan fitila, na siginar mota, mai wat ashirin da ɗaya, na kunna na naɗe shi da tsumma na riƙe a tafin hannu. A wuri ɗaya yana cizo, amma na ga in aka baza wannan zafi kan faɗin fatar tunkiya, zai zama kamar rairayi da hantsi. Na zaɓi wat ashirin da huɗu, kuma kada ku ɗauka wata hikima ce: shi ne ke rabuwa da sha biyu ba tare da ya wahalar da ɗan aji biyar ba. Kuran na bango ban ko dube shi ba, don yana kashe mutum, kuma yana ɗaukewa lokacin da ya ga dama. Batirin mota na ɗauka, mai bolt sha biyu, wanda pannon rana, farantin sola da Lawali ya kawo, yake cika shi. Ashirin da huɗu raba sha biyu, amper biyu. Sha biyu raba biyu, om shida. To, ina zan sami waya mai taurin kai om shida? Na warware wayar birkin keke na zare sili guda siriri. Na ɗauko agogon amper da na cire daga gaban wani mataccen kaminyo tun ina saurayi. Na ɗaure baki ɗaya ga batir, na riƙa jan ɗaya bakin a jikin silin ina kallon allura. Kusa kusa, allura ta yi tsalle, waya ta yi zafi. Ina nisa tana sauka, tana sauka, har ta tsaya cak kan biyu. A nan na yanke. Tsawon ya kai gaba biyu da wani abu.

Na kai wa maƙwabcinmu Abba Gana baduku, taubashin Innarku, da fatun tumaki biyu. Na ce ya shimfiɗa wayar tana kai da komo tsakanin fatun, ya ɗinke ta yadda wani layi ba zai taɓa wani ba, ya bar mini bakuna biyu a waje. Ya ce an gama, kamar dai kullum abin da yake yi ke nan. Da ya kawo, ɗinkin ya yi kyau har da ado a gefe. Innarku ta miƙo ƙafa. Na ce a'a, tawa za ta fara, don tawa tana da baki. Na haɗa da batir, na ɗora tafin ƙafata, na fara yi mata bayanin U da I da murya irin ta mushen gaske. Ban kai R ba na miƙe ina rawar da ban yi ba tun bikin Sani. Ranar ce ta fara dariya tun da ɗari ya shigo, har ta riƙe ciki.

Na ɗingisa zuwa rumfar Abba Gana da fatar a hammata.

"Ina sauran wayata?"

Ya zaro ta daga ƙarƙashin tabarma, a naɗe tsaf.

"Ta yi yawa, Mushe. Na ce zafin zai yi wa Ya Falmata yawa, sai na rage rabi. Tausayi ne."

"Tausayinka ya gasa ni. Rabin waya om uku ke nan. Sha biyu raba uku, amper huɗu. Sha biyu sau huɗu, wat arba'in da takwas. Ka ninka wuta, ka kuma cusa ta a rabin wuri."

"Wannan lissafin Nasara ne. A hankalin mutane, in ka rage itace wuta raguwa take yi."

"Waya ba itace ba ce, hanya ce. Ka gajarta wa kuran hanya, ya iso da gudu."

"Mutumin Garagumsa zai koya mini wuta," in ji shi, yana warware ɗinkin. "Ku da kuka fara ganin ampul kuka yi masa sallama."

Ya sake ɗinkawa da sabon sili cikakke, yana gunaguni daga farko har ƙarshe. Wannan karon allura ta tsaya kan biyu. Na zauna da ƙafata a kai tun hantsi har azahar, ba abin da na ji sai ɗumi mai sa gyangyaɗi. Na sa ɗan fizibil a bakin batir don ko da wani abu ya taɓa wani, shi zai mutu ba ƙafa ba. Sannan na ce ƴar Barebari ta yi bismillah.

Ita ta raɗa masa suna kasko marar garwashi, kuma ba yabo take nufi ba. Ta ce ba ya gasa gyaɗa, ba a zuba masa turare, ba shi da hayaƙin da zai kori sauro, kaskon da ba ya iya komai sai ɗumi kamar miji mai ritaya. Amma ta koma ɗinki. Wannan ɗari shi ne mafi daɗin da na yi a gidan nan, ina faɗa muku ko da kun ji haushi ba ku cikinsa. Kullum bayan asuba in haɗa waya, ta ɗora ƙafafu, in zauna gefe cikin bargo ina rawar sanyi da kofin shayi. Kafin ta ɗora da bayan ta sauke, sai na duba ƙafafun, tsakanin yatsu, diddige, ƙarƙashi, ina haska mata da madubin gefen mota don ita ma ta gani. Duk tsawon aurenmu ban taɓa riƙe ƙafarta da rana tsaka ba sai a shekarar. Da farko tana kawar da kai. Daga baya ita ke miƙowa.

"Mushe, ka yi wa ƙafa biyu kawai, kai kana can kana kaɗa haƙora. Rowa ce ko lissafi?"

"Lissafi ne."

"Dama na san ƴan uwa ne."

Ɗari ya wuce ba ƙuna ko ɗaya. Na kira Hadiza a salula na yi mata alfahari har kuɗin kiran ya ƙare.

Da bazara ta kankama, muka naɗe kaskon muka ajiye. Wata safiya na zo duba ƙafa kamar kullum, na tarar ta sha lalle, baƙi wuluk har idon sawu, alhali ba biki ba salla. Ta ce kwalliya ta yi wa mijinta, ko laifi ne? Na ce ba laifi. Na ɗaga ƙafar hagu. Lalle na san ƙanshinsa, kuma abin da na ji a ƙaramin yatsa ba lalle ba ne. Na dangwala tsumma a ruwa na goga a hankali. Baƙin da ke ƙarƙashi ba na kwalliya ba ne, kuma ya fara taɓa yatsa na kusa. Ta janye ƙafar ta rufe da zane.

"Alkawarinku da baƙuwarka a kan ƙuna ne. Wannan ƙuna ce?"

"Ba ƙuna ba ce."

"To ka yi shiru."

Gaskiyarta, ba ƙuna ba ce. Da na yi shiru, ban karya alkawarin kowa ba. Na lallashe ta muka je gidan likita nan garin, suka wanke, suka ba da magani, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma babbansu ya ce mini a ɓoye jinin ba ya isa yatsun, kuma masu wannan aiki da kayansu suna Yamai. Ita ta ce ko a kan jaki aka ɗaure ta sai ta sauko a Takeita, nan kusa a hanya, ta dawo da ƙafa. Na hau kan duwatsun bayan gida na zauna da gawayina a hannu kamar wawa. A aikina in ka san biyu ka san na uku. A nan ban san ko ɗaya ba, sai dai kullum baƙin yana ƙara hawa. Na sauko na shiga rumfar Abba Gana, na ce ya fita ya sha iska, na kira Hadiza.

Lawali, Sani, ku karanta wannan wurin sau biyu. Ni na kira ta. Ni na ce ta zo da mota. Ita kuwa ga abin da ta ce mini:

"Baba, kada ka gaya mata kai ne. Bari ta yi fushi da ni, na saba. Kai ne za ta dawo wurinka."

Haka ta zo kamar mai ziyara, ta ga ƙafar kamar ba ta sani ba, ta yi faɗa, ta haɗa kaya, ta sha baƙar magana ta bakina, don har ranar ni ne mai kai saƙo. Ba ta taɓa tona ni ba, har ku kuka juya mata baya a kan haka ba ta buɗe baki ba. Ranar tafiya na ga Innarku ta cusa kaskon cikin ƙunshin kayanta. Na ce ta ji ni da kyau, batir kawai, kada ya kusanci bango. Ta ce shekara nawa tana kallon hannuna, ba sai an yi mata lakwal ba. An ɗora ta a bayan mota, Hadiza ta koma ciki ɗauko buta. Innarku ta yafito ni ta taga.

"Kai ka kira ta."

Na tsaya ina gyara hula.

"Ƙeyarka ce ta faɗa mini. Tun shekaranjiya ba ka juyo ka dube ni ba." Ta gyara mayafi. "Akuya ba ta cin dusa in ba a jiƙa ba. Kada ka kashe mini ita."

Ban san gida yana da ƙara ba sai da ta tafi. Ƙofar ɗakinta tana kuka in iska ta taɓa ta, ban taɓa ji ba. Na koyi dafa shinkafa, wato na koyi cin ta ko ta dahu ko ba ta dahu ba. In na dawo daga masallaci sai in yi sallama a zaure, in tsaya jiran amsa, sannan in tuna. Hular da take ɗinki tana kan kujera da allura a soke inda ta tsaya, ban taɓa ba. Na riƙa yi wa akuya bayanin duniya, ita kuwa tana saurare fiye da yadda ku kuka taɓa yi. Bayan la'asar nake zama da salula a cinya. An cire wa Innarku yatsu biyu, ciwon ya fara kamewa, muryarta ta dawo. Takan tambayi akuya, ta tambayi Abba Gana, ta tambayi ko rufin madafa yana yoyo, ni kuwa sai a ƙarshe, in lokaci ya rage.

Yanzu ga maganar gobarar da kuke yi mini gori da ita. Cikin damina ne, da safe bayan an kwana ana ruwa, mutanen gidan Hadiza duk sun tafi sarbis, wato wurin aiki, da lakwal. Sanyin nan na ciki ya taso mata. Kaskon yana kan kabad, batir kuwa babu, don ba wanda ya zaci za a nemi ɗumi a Yamai da damina. Ta jawo shi da sanda. Ta ga bakunan waya biyu tsirara, ta ga ramuka biyu a bango. Ta yi abin da ta ga ina yi da rediyon mutane tun tana amarya, abin da kowane mai gyara a tasha yake yi in ba shi da kan piriz na sokawa a bango: ta cusa wayoyin ta danne su da tsinken ashana. Ku yi lissafin da kanku, na riga na koya muku. Wayar ba ta canza ba, om shida ce. Turin ne ya tashi daga sha biyu zuwa ɗari biyu da ashirin. A raba da shida, amper kusan talatin da bakwai. A ninka da ɗari biyu da ashirin, wat wajen dubu takwas, abin da zai juya injin niƙa, a cikin silin birkin keke. Ya yi walƙiya sau ɗaya ya tsinke, dizonktar ta faɗi ta yanke wutar gidan, fatar ta huje ta yi hayaƙi. Iyakar gobarar ke nan. Ƙafarta ba ta kan kaskon, don ta koya daga wurina a fara gwadawa. Da la'asar ta kira.

"Mushe, kaskonka ya rasu."

"Na ce miki bango a'a."

"Ka ce. Na ji ka. In ya yi ɗumi warin ɗakina yake yi. Shi nake so in ji."



"Ka yi wani," in ji ta. "Mai faɗi, na ƙafa huɗu. Na gaji da jin haƙoranka. Kafin ɗari ina gida."

Washegari na warware wata wayar birki. Sili biyu wannan karon, kowanne om shida, kowanne da makunninsa, gefe da gefe cikin fatu manya. In an kunna ɗaya, amper biyu, wat ashirin da huɗu. In an kunna duka, batir ya ba da amper huɗu, wat arba'in da takwas, amma a baje kan wurin mutum biyu. Abba Gana ya ɗinka bai yanke ko ɗan tsinke ba, har ya yi wa gefen dama ado ja, ya ce nan ne na Ya Falmata, na hagu kuwa ya bar shi fari don baƙauye ba ya gane ado. Muka gama ana fara yankan gero. Na gaya mata a salula, ta ce in gwada da tawa tukuna.

Ba ƙafar ce ta ɗauke ta ba. Ƙafar ta warke. Zuciya ce ta tsaya wata safiya cikin kaka, tana zaune da carbi, kayanta rabi a ɗaure don an sa ranar dawowa. Hadiza ta kira ni tana tambaya ko a kawo ta gida. Kun san nisan hanyar, kun san ba a sa mamaci jira. Ni na ce a rufe ta can. Na iso na tarar da ƙasa a kanta. Saboda haka in akwai wanda za ku ƙi gaisarwa da salla, ga ni nan a Birni, ƙofata a buɗe. Yayarku ku kira ta. Allah ya jiƙan Falmata, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa kanku tun ina da idon gani.

Kowannenku ya ce in koma wurinsa, kuma na gode. Zan zo ziyara, in ci abincin matanku in yi musu tsiya, in dawo. Ɗari ya sake shigowa yanzu da nake rubuta wannan. Jiya bayan asuba Abba Gana ya leƙo aron allurar buhu, ya tarar da ni bakin ƙofar ɗakinta, ƙafafuna kan gefen fari. Ya dubi agogon amper ya ga allura kan huɗu. Ya sunkuya ya taɓa gefe mai jan ado, ya ji ɗumi.

"Mushe, kai da ka koya mini lissafi. Rabin batir ɗinka yana tafiya a banza."

Gaskiyarsa. Wat ashirin da huɗu ne kullum safiya, ba ƙafar da ke kansu, kuma batirin ba ya kai ni hantsi. Na ce masa na sani, ni na yi lissafin. Ya ɗauki allurarsa, ya ja mini ƙofar zaure a hankali. Ban kashe ba.